Madabod na X870E da ramukan M.2

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa kwamfutar tace bidiyo da furosesa Ryzen 9 9950X, zuciyata ta kwanta da madabod (babban allon kwamfuta) ROG Crosshair X870E Hero. SSD (ma'ajiyar bayanai) uku zan saka. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Ramukan M.2, inda ake saka SSD, biyar ne, amma biyu suna raba hanya da katin bidiyo. Ka cika su, katin ya sauko daga x16 zuwa x8, wato rabin hanyoyinsa. Duba littafinsa tukuna.

Wani mai amsa: Gaskiya ne. Ni ramin USB4 ɗin mai saurin tura fayil ya ja ni, fayil ɗin bikin aure guda yana wucewa kafin shayi ya huce. Kuma ram na DDR5 kaɗai madabod ɗin yake karɓa, idan tsohon ram ɗinka ba DDR5 ba ne ba zai shiga ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka.