Sitik ko hannu: gardamar ƴan gem ɗin faɗa na Katsina a kan kuɗin Mubarak

Mubarak: Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Wata bakwai ina tara kuɗi daga aikin POS ɗin da nake yi bayan lakca, yanzu sun kai Naira 150,000. Niyyata in sayi sitik, akwatin nan mai liba da manyan maɓallai da ake buga gem ɗin faɗa da shi. Abin da ya zaburar da ni maganar da Yaya Sadik ya yi ranar Asabar a shagon Malam Kabiru na Ƙofar Ƙaura, cewa duk mai buga Tekken da hannun gem wasa yake, ba zai zama gwani ba sai ya koma sitik. Tun ranar abin ke cina. Gaskiya ne, ko in riƙe kuɗina?

Yaya Sadik: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Ƙanena, duba asalin abin. Street Fighter II ya fito a 1991, Tekken na farko a 1994, kuma duka a cikin manyan injinan jefa kwabo aka haife su, masu liba a hagu da maɓallai a dama. Dubi yadda ake jefa Hadoken, ƙwallon ƙarfin nan da ake harbawa daga tafin hannu a Street Fighter: ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, sannan naushi. Wannan kwatan zagaye ne, don liba aka tsara shi. A hannun gem babban yatsa ɗaya ke ɗauke da duk tafiyarka, ɗayan kuma yana tsalle tsakanin maɓallai huɗu. A sitik kau hannun hagu gaba ɗaya ke tuƙi, yatsun dama suna shimfiɗe kowa bisa nashi maɓalli. A Tekken kowane maɓalli gaɓa guda ne, hannu biyu da ƙafa biyu, kuma sau tari sai ka danna biyu lokaci ɗaya. Kai da kake son Kazuya, ɗan faɗan nan na cikin Tekken, naushin nan nashi mai walƙiya ba ya fita sai karkatar ƙasa-gaba da maɓallin hannun dama sun faɗa cikin firem guda, wato kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. Arslan Ash ɗan Lahore da ya cinye Evo, babbar gasar gem ɗin faɗa, ta Japan da ta Amurka duka a 2019, da mi ya buga? Da sitik.

Abba Daura: Yaya Sadik, da girmanka, amma ka ɗauko mutum ɗaya ka bar tulin mutane. Luffy ɗan Faransa ya ci Evo ta 2014 a Street Fighter IV da hannun PlayStation na farko, irin wanda muke yasarwa a kwandon shara. MenaRD ɗan Jamhuriyar Dominika ya ɗauki Kofin Capcom, kamfanin da ke yin Street Fighter, a 2017 yana shekara 18, ya sake ɗauka a 2023, da hannu. Punk ya ci Evo ta 2024 a Street Fighter 6 da hannu. SonicFox kau kofunan da ya tara a Mortal Kombat duk da hannu ne. Waɗannan ma wasa suke?

Yaya Sadik: Tekken na ce, Abba. Kada ka canza mani magana.

Abba Daura: To mu tsaya a Tekken ɗin. Anakin ɗan Amurka ya yi shekaru yana kaiwa matakin ƙarshe a manyan gasa da Jack, ɗaya daga ƴan faɗan Tekken, da hannu yake bugawa. Batun danna maɓalli biyu kuma an daɗe da magance shi, sai ka ɗora haɗin a kan maɓallan kafaɗa, L1 ko R1, kuma gasa ta yarda da haka. Shi Arslan ɗin da ka kawo, abin da ya kamata mu duba a labarinshi ba akwatin ba ne. A gidajen gem na Lahore ya tashi, cikin yara masu zafin hannu da duniya ba ta san da su ba, kullum suna gurzar juna. Da ya ci kofi ma cewa ya yi akwai gwanaye irinshi a gida. Mu nan mu nawa ne? Ni sai na hau mota daga Daura kafin in samu wanda zai ba ni wuya. Rashinmu ke nan, ba rashin liba ba.

Ummi: Ni Mortal Kombat nake bugawa, kuma can ba ja da baya ake tare duka ba, maɓalli ne na musamman. A hannu yana ƙarƙashin manunina, ina riƙe da shi sauran yatsu suna aiki. Na gwada sitik ɗin Yaya Sadik sau ɗaya, sai na ji kamar an ɗaure mani hannu. Wani abin da ba wanda ya ambata kuma shi ne ƙara. Mubarak, gidanku kamar namu ne, ɗakuna manne da juna. Wannan ƙwas-ƙwas ɗin da tsakar dare, Hajiya za ta ji shi daga ɗakinta.

Malam Kabiru: Bari mai shago ya sa baki. Ta gefen ƙarko, Sadik yana da gaskiya, ban ɓoye ba. Duk hunturu sai ƙura ta kashe mani hannuwa, wani ya riƙa ja gefe shi kaɗai, wani maɓallinshi ya lotse. Ga yara masu zuciya, a ci su su buga shi ƙasa. Amma mi ya hana ni sayen sitik? Masu shigowa shagona galibi ƙwallo suke zuwa bugawa. Hannu guda yana yi mani ƙwallo, ya yi mota, ya yi faɗa. Sitik faɗa kawai ya sani, kuma in zan saya sai biyu, don ba mai yarda ya zauna da hannu abokin karawarshi na da akwati.

Injiniya Usman: Ku ba ni wuri, don na buɗe cikin duka biyun a teburina na gyaran waya. Abin da ke cikin sitik bai kai tsoron kuɗinshi ba. Liba sandar ƙarfe ce da sifirin, kewaye da ita ƙananan makunnai huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama. Ka karkata kusurwa, biyu su danne tare. Ƙarƙashinta akwai farantin roba mai rami da ke iyakance tafiyarta, a libar Japan ramin murabba'i ne, shi ya sa sabon shiga yake jin yana cin karo da kusurwa. Maɓallan kuma faɗin milimita 30 ne, kamfanoni biyu na Japan suka yi suna da su, Sanwa da Seimitsu. Daɗin abin, in maɓalli ya mutu ba ka buƙatar dalma, ka zare wayoyi biyu, ka turo shi waje, ka cusa sabo. Hannun gem kau roba ce mai ɗigon baƙin gawayi ke taɓa allo, tana gajiya, ita kuma ƴar sandar da ke juyawa tana gogar wani siririn zobe ne a ciki, in ya cinye ko ƙura ta shiga sai ta fara tafiya ita kaɗai. To a nan sitik ya yi gaba, akwati ɗaya sai ya ga bayan hannuwa da yawa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Masu araha irin Mayflash F300 suna farawa wajen dala 60, manya na Hori da Qanba da Razer suna kaiwa dala 200, wasu su wuce. Ka lissafa da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi. Mai arahar kuma ba kayan Sanwa ke cikinshi ba, sai ka sake saye ka canza. Sannan ni dai ban taɓa ganin kayan gyaranshi a kasuwarmu ba, odarsu ake yi a jira makonni. Na taɓa sayen maɓallai wurin wani a Kano da sunan na asali ne, wata biyu suka fara maƙalewa. Ƙarko yana da amfani ne in kayan gyara na kusa da kai.

Mubarak: Injiniya, ba a iya haɗa shi a nan?

Injiniya Usman: Ana iyawa, na haɗa ɗaya. Akwai ɗan allon Raspberry Pi Pico, kuɗinshi bai taka kara ya karya ba, a zuba mashi manhajar GP2040-CE wadda kyauta ce. Kafinta a Sabuwar Unguwa ya yi mani akwatin katako ya huda ramuka, na jera waya. A kwamfuta yana aiki nan take. PlayStation ce mai tsauri, tana neman shaidar cewa kayan mai lasisi ne, a PS4 in ba ta samu ba sai ta yanke ka bayan minti 8, sai an ƙara wata ƴar na'ura. Kaso babba na kuɗin manyan kamfanonin nan lasisin ne da kyan jiki.

Abba Daura: Kuma tunda an zo nan, Yaya Sadik, in saurin aiki ake bi, liba ma an wuce ta. Akwatin marar liba ya shigo, irin Hit Box, wanda hagu da dama da sama da ƙasa duk maɓallai ne. Yatsa ya fi sanda saurin komawa. Daigo Umehara da kanshi, wanda ya tare duk dukan Chun-Li, ƴar faɗan da Justin Wong ke riƙe da ita, a Evo ta 2004 saura ɗigon rai, ya ajiye liba ya koma marar liba. Abin ya kai sai da Capcom ta sa doka a 2023 cewa in an danna sama da ƙasa tare, a ɗauka ba a danna komi ba. Ita Street Fighter 6 ma ta zo da tsarin da maɓalli ɗaya ke fitar da Hadoken, sai dai a rage ƙarfin dukan da wajen kashi 20 cikin ɗari. Masu yin gem ɗin sun san yawancin masu sayensu hannu ne a gabansu.

Yaya Sadik: Na ji duka, kuma na yarda kalmar "wasa" ta yi nauyi. Mubarak, ka yafe mani ita. Amma ku bar ni in faɗi nawa dalilin. Shekara shida ina buga Tekken da hannu, har babban yatsana na hagu ya yi kanta, in na daɗe ina ja da baya irin na Koriyawa, wato ja da baya da sauri a jere ba tsayawa, sai gindin yatsan ya riƙa zafi har washegari. Da na koma sitik ciwon ya tafi, don aikin ya rabu tsakanin wuyan hannu da yatsu. Kuma akwai abin da lissafin Injiniya bai kamawa. Idan ka ɗora akwatin bisa cinya, ka ji ƙarar makunnin tana gaya maka ka yi daidai tun kafin ka gani a talabijin, wasan yana shiga jikinka ta wata hanya daban. Ni saboda shi nake zama awa biyu ina maimaita motsi ɗaya ban gaji ba. Abin da ke sa mutum ya zauna ya yi atisaye, ni a wurina ya ci kuɗinshi. Sai dai in faɗi gaskiya, wata uku na farko kowa cina yake, har yaran da nake koya mawa. Kuma tawa libar ta Koriya ce, mai roba a madadin sifirin, wadda ke dawowa tsakiya da ƙarfi. Daban na saye ta. Wanda Mubarak zai samu da kuɗinshi da ta Japan zai zo.

Malam Kabiru: To ni tambaya ɗaya gare ni, don 150,000 ta ninka mafi ƙarancin albashi na 70,000 har da ɗori. Mubarak, kullum a shagona nake ganinka. Kana da PlayStation ko kwamfuta a gida?

Mubarak: Babu, Malam. Sai a shagonku nake bugawa, ranar Juma'a da Asabar, wani lokaci Lahadi in akwai canji.

Malam Kabiru: Ka gani. Wata ukun da Sadik ya yi, kullum yake zama a ɗakinshi. Kai da kwana biyu a mako, kuma kana biyan kuɗin kowane wasa, yaushe hannunka zai saba? Ka sayi linzami babu doki. Ni da za ka ji tawa, ka ƙara haƙuri ka nemi PS4 ta hannu da Tekken 7, ka samu inda za ka yi atisaye ba mai ƙirga maka lokaci. Ina faɗin haka ne duk da ciniki zai ragu mani.

Yaya Sadik: Wallahi ban san ba ya da na'ura ba, da ban matsa mashi ba. A wannan ina bayan Malam. Amma ina nan a kan cewa ranar da ya samu na'ura, kuma ya tabbata Tekken zai riƙe, sitik ne gaba.

Abba Daura: A nan ne dai ba za mu haɗu ba. Ranar da ya samu na'ura, data da kuɗin motar zuwa gasa a Kano sun fi mashi akwati.

Ummi: Ku bar shi ya taɓa da hannunshi mana. Har yanzu bai yi ko awa ɗaya a kan liba ba, ana ta yanke mashi hukunci.

Yaya Sadik: Haka ne. Malam, in kun amince zan kawo nawa in ajiye a shagonku wata guda, Mubarak kaɗai zai riƙa hawa, a sa shi cikin durowa in ya tashi saboda ƙura. Abba kuma in ka shigo Katsina ranar Asabar, ni da kai, wanda ya fara cin goma. Kai da hannu, ni da liba.

Abba Daura: Na karɓa. Zan taso bayan Azahar.

Malam Kabiru: Na amince. Ku zo bayan La'asar kafin ƴan ƙwallo su cika wurin, zan ware maku talabijin ɗin kusurwa. In babu wuta, man janareta a kanku ku biyu.

Injiniya Usman: Zan zo da wanda na haɗa da sukundireba, Mubarak ya ga cikinshi da idonshi.

Mubarak: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kuɗin suna nan ban taɓa ba. Yaya Sadik, libar nan ta Koriya, riƙon ta ake yi da tafin hannu ko tsakanin yatsu? In fara gwadawa da muciyar Hajiya kafin Asabar.