Neman kalma: me za mu kira "vegetable crisps"?

Malama Bilki: Salamu alaikum. Shirin noma zai fita a rediyo ranar Asabar. Ina fassara sashen da ya shafi Tyrrells, kamfanin da ya faro a wata gonar dankali a Herefordshire ta Ingila a 2002, yana kuma yin "crisps" na karas da bitrut (wata jar saiwa ce da ake ci kamar karas). Don Allah kada a ce cifs, a Kano cifs shi ne wanda ake ci da ƙwai.

Injiniya Sale: Wa alaikumus salam, Malama. A fara sanin abin tukuna. Yanka ne siriri, kaurin milimita 1 zuwa 2, a soya har ruwan jikinsa ya koma kamar kashi 2 cikin ɗari. Matsalar karas da bitrut sukari ne. A zafin da ake soya dankalin turawa, wajen digiri 175, sai su yi baƙi su yi ɗaci tun ba su bushe ba. Shi ya sa masu gwajin sabon samfuri ke rage wuta, wasu kamfanonin kuma su soya a tukunyar da aka zuƙe iskarta, inda digiri 120 ya wadatar. Dole sunan ya nuna bushewa.

Malam Ɗanjuma: Ƙanzon lambu. An gama.

Hajiya Rabi: Haba Malam! Ƙanzo fa na gindin tukunya ne, wa zai ba da kuɗinsa? A ce garas-garas.

Injiniya Sale: Hajiya, garas-garas na ɗanyen karas ne mai ruwa. Wannan ya bushe ƙamas.

Malam Isufu: Mu a Maraɗi "ships" ake cewa. Amma me zai hana kilishin lambu?

Malam Ɗanjuma: Kilishi shanya ne da gashi, ba ya shiga mai. Kuma Faransanci za mu ara muna da ƙanzo?

Malam Isufu: Cifs ɗin naku daga Katsina ya zo? Kuma kada a koya wa mutumin Nijar kilishi, a je Madawa a gani.

Hajiya Rabi: To, an bar Malama a tsaye.

Malama Bilki: Na gode. A farkon shiri zan ce "soyayyen kayan lambu mai ƙamas-ƙamas", daga nan in riƙa cewa ƙamas-ƙamas kawai.

Malam Ɗanjuma: Ya yi tsawo. Na bar ku da shi zuwa Asabar, amma ban janye ƙanzo ba. Ita bitrut ɗin ma wa ya amince da ita?