Neman shawara: ma'ajin zaurenmu ya kori wanda ya nemi lissafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a sakaya sunana. Ni na buɗe zauren tsofaffin ɗaliban ajinmu a WhatsApp, na naɗa wasu admin su riƙa taya ni. Ɗaya daga cikinsu shi ke riƙe da kuɗin gudummawar da muke haɗawa idan wani ya kwanta asibiti ko aka yi masa rasuwa. Kwanan nan wani ya tambayi nawa aka tara, nawa aka kashe. Ko amsa bai samu ba, ma'ajin ya goge saƙon, ya fitar da shi, wai mai neman fitina ne. Yanzu da yawa sun janye hannu, ga marayun abokinmu suna jiran taimako. Wallahi abin ya tsaya min a rai. In sauke shi ne, ko in bi shi a hankali?

Wani ɗan'uwa: Wa'alaikumus salam. Kafin komai ka kira wanda aka kora a waya, ka ba shi haƙuri, ka dawo da shi yau. Tambayar lissafi ba laifi ba ce, kuɗinsa na ciki.

Wani malami: Ɗan'uwa, gyaran yana wajen rabon aiki. A WhatsApp ikon admin iri ɗaya ne: kowa na iya shigar da mutum, ya fitar da shi, kuma tun 2022 yana iya goge saƙon kowane memba. Har junansu suna iya saukewa, kai da ka buɗe zauren ne kaɗai ba su da iko a kanka. A Facebook akwai modareta, mai tace rubutu amma ba ya iya naɗa admin. Telegram ma tana bari ka zaɓa wa kowane admin abin da zai iya taɓawa. WhatsApp ba ta da wannan, dole ku tsara da kanku.

Mai riƙe kuɗi bai kamata ya riƙe ikon kora ba, ko da waliyyi ne, domin duk ƙorafin da zai taso a kansa zai taso. Ku bar masa aikin ma'aji, wani ya kula da shigar da sababbi, wani da sasanci. Kada a kori kowa sai an ja masa kunne kuma admin biyu sun yarda. Ku rubuta wannan a bayanin zaure inda kowa zai gani.

Wani matashi: Yaya, ni dai a ganina a sauke shi gaba ɗaya. Mai gaskiya ba ya tsoron tambaya.

Wata Hajiya: A'a ƙanena, kada mu yanke masa hukuncin cin amana ba mu ga takarda ba. Wani zuciya ce kawai ta ɗebe shi, ya ji kamar an kira shi ɓarawo a bainar jama'a. Su ma membobi da nasu nauyin, tambaya daban, zargi daban. Mai neman shawara, ka je gidan ma'ajin tare da wanda yake jin nauyinsa, ka nemi ya kawo bayanan banki. Daga nan a riƙa saka lissafi a zaure duk ƙarshen wata. Kuma don Allah kada ka kulle zauren ya zama admin kaɗai ke magana, zargin ƙaruwa zai yi.

Mai neman shawara: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, idan ya ƙi kawo bayanan fa?

Wata Hajiya: To sai ka sanar da zaure a fili, ku sa masa wa'adi, ku buɗe sabon asusu da sa hannun mutum biyu. Kason marayun nan kuma a fara haɗa shi tun yanzu, kada rigimarku ta tsare shi.