Yaya ake tsara rundunar kwale-kwalen yaƙi a kogunan kurmi?

Mai tambaya, Gombe: Assalamu alaikum. Na je Dadin Kowa na ga masunta a kan kogin Gongola, sai na fara tunanin yadda sojoji ke tsara jiragen ruwansu a kogunan da kurmi ya rufe gaɓarsu, inda maharbi zai iya ɓuya dab da ruwa. Ina roƙon masana su yi mini bayani.

Malamin tarihi, Bauchi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faransa ta tsara irin wannan runduna a Indocina (yankin ƙasashen Vietnam, Laos da Kambodiya na yau) a 1947, inda ta haɗa jiragen da ke ɗaukar sojoji da waɗanda ke ɗauke da manyan bindigogi a ƙarƙashin kwamanda ɗaya. Amurka ta bi sahu a yankin kogin Mekong da ke kudancin Vietnam a 1967, ta haɗa sojojin ruwa da na ƙasa, har ta zaunar da su a manyan jiragen da suka zama musu barikin da ke tafiya a kan ruwa. Ƙananan jiragensu na sintiri kuwa ba su da farfela, ruwa suke zuƙa su feso shi ta baya, shi ya sa suke iya ratsa wuraren da ba su da zurfi.

Wani ɗan Kaltungo: Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma a ganina mai da gyara sun fi bindiga muhimmanci, domin jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar kurmi ya zama abin harbi. Kuma ba a tura jirgi shi kaɗai, sai biyu aƙalla, ɗaya yana kare ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani.