Tambaya: meye bambancin Colles da Smith a karayar wuyan hannu?

Ummu_Sadiq:
Salam ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin ƙashi ku taimaka, Hajiyarmu ce santsi ya kwashe ta a banɗaki ta dafa ƙasa da tafin hannu, an ɗau hoto likita ya rubuta Colles a kati, wani kuma yana cewa wai akwai Smith, to meye bambancinsu kuma wanne ya fi muni? Yayana ya dage a kai ta wajen mai ɗori.

DanDala:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Duka biyun karaya ce a ƙarshen ƙashin radiyos, wato wanda ke ɓangaren babban yatsa, dab da wuyan hannu. A Colles guntun da ya karye baya yake gocewa, wajen bayan hannu, shi ya sa za ki ga hannun ya lanƙwashe kamar cokali mai yatsu, kuma faɗuwa kan tafin hannu irin ta Hajiya ce ta fi kawo shi musamman ga mata masu shekaru da ƙashi ya yi laushi. Smith kuma gaba yake gocewa wajen tafi, kuma bai cika zama a filasta ba, sau da yawa sai an sa ƙarfe. Sunayen likitocin Dublin ne, Abraham Colles ya bayyana nasa a 1814 tun ba a san hoton ƙashi ba, Robert Smith kuma a 1847.

Malama_Fiziyo:
Gaskiya ne yaya, amma ni a ganina sunan ba shi ne abin dubawa ba. Ki tambayi likitan abu biyu, karayar ta shiga cikin gaɓa ko a waje ta tsaya, sannan ƙashin ya goce sosai ko yana wurinsa. Tsarin AO da likitocin ƙashi ke bi wajen rarraba karaya ma a kan haka ya raba su, rukunin A karayar ta tsaya wajen gaɓa, B ta taɓa wani sashe na gaɓar, C ta fasa gaɓar gaba ɗaya. In ta shiga gaɓa aka ɗaure haka nan ba a daidaita ba, hannun zai haɗe amma juya shi ko ɗaukar buta sai ya zama wahala. Mai ɗori da hannu yake lalube, ba ya ganin wannan.

DanDala:
Ƙwarai. Kuma ƴar uwa ki riƙa duba yatsunta, in suka kumbura sosai, suka yi sanyi ko ta ce ba ta jinsu, ku koma asibiti a daren kar ku jira safiya. Filastar kan kai wajen sati 6.

Ummu_Sadiq:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan tambayi likitan maganar gaɓar, zan tafi da yayan nawa ya ga hoton da idonsa.