Ciwon hannun masu shagala (aikatau a gidajen Saudiyya): abin da aka tattauna

To ga abin da matan Jidda da Makka suka fi nanatawa kan ƙaiƙayi da tsagewar hannu da masu aikatau ke fama da su. Kuloros (ruwan bilic) da sabulun wanke-wanke ne ke cinye maiƙon fata, shi ya sa kowa ta ce a sa safar hannu ta roba, amma a fara sa ta auduga a ciki saboda gumi shi ma yana tayar da ciwon. A shafa basilin bayan kowane wanki da kuma lokacin kwanciya. Man kotizon (maganin shafawa mai rage ƙaiƙayi da kumburi) kuwa sai da izinin likita, yawan shafa shi yana sirantar da fata. Abin da ya fi ci musu rai wallahi, madam ta ga hannun ta hana ki taɓa abinci ko ta sallame ki, riyal ya daina shigowa, ga kuma kuɗin saidaliyya (kantin magani), alhali ciwon ba ya yaɗuwa.