Zare huɗu na buɗe, amma lissafin ya ƙi cika

Ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyon raba aiki tsakanin zaruruwa (threads, wato sassan shiri ɗaya da ke gudana a lokaci guda) da yaren C da laburarensa na zaruruwa, pthreads. Na buɗe zare huɗu, kowanne yana ƙara 1 a kan lamba guda sau miliyan ɗaya. Ya kamata in ga 4,000,000, amma ba ta cika, kuma kowane gwaji da tasa amsar. Da na sa mutex lissafi ya daidaita, sai dai yanzu aikin ya fi na zare ɗaya jinkiri. Ina matsalar take?

Injiniya, Rayfield:
Wa alaikumus salam ƙanena. A ido n++, wato ƙara 1 a kan lambar, abu ɗaya ne, amma wurin firosesa aiki uku ne: ɗauko lamba, ƙara 1, mayar da ita. Zare na farko ya ɗauko 500, kafin ya mayar na biyu ma ya ɗauko 500, kowa ya rubuta 501. Ƙari biyu ya koma ɗaya. Wannan rige-rigen ne ke cinye maka lissafi. Haɗa kod ɗin da gcc -g -fsanitize=thread ka gudanar da shi, zai nuna maka layin da suke karo.

Shi kuwa mutex kwado ne da ke barin zare ɗaya kawai ya taɓa lambar a lokaci guda. Ka sa a buɗe shi a rufe sau miliyan huɗu, zaruruwan suna layi a ƙofa guda, dole ya yi nauyi. Ka ba kowane zare lambarsa a cikin fanshin ɗinsa, ya ƙirga shi kaɗai, bayan pthread_join, wato bayan ka jira duk sun gama, ka haɗa amsoshi huɗun. Ba ka buƙatar kwado ko ɗaya.

Malama, Bukuru:
Gaskiyar Injiniya, amma a kula da wani tarko. Masu koyo kan jera lambobin huɗu a jeri ɗaya, long c[4], kowane zare da gurbinsa. Amsa za ta fito daidai, saurin ne ba zai zo ba. Firosesocin Intel da AMD suna ɗaukar memori bayit 64 a lokaci guda, gurabun nan kuwa gaba ɗayansu bayit 32 ne a Linux mai bit 64. Duk zaren da ya rubuta, sai kwafin da ke hannun sauran ya lalace su sake ɗaukowa. Ko ka raba su da _Alignas(64) don kowane gurbi ya samu nasa bayit 64, ko ka rubuta a gurbin sau ɗaya tak a ƙarshe. Na biyun ya fi tsafta.

Ranar da ka fara riƙe kwado biyu, duk zaruruwa su ɗauke su bisa tsari ɗaya. In wannan ya riƙe A yana jiran B, wancan ya riƙe B yana jiran A, sun yi cirko-cirko ke nan.

Injiniya, Rayfield:
Madalla Malama. Ƙanena, da me kake auna lokaci? A Linux clock() yana tara lokacin da duk zaruruwa suka ci a firosesa, don haka zare huɗu na iya nuna ninki huɗu alhali aikin ya yi sauri. Yi amfani da clock_gettime da CLOCK_MONOTONIC, wanda ke auna lokacin da ya shige a zahiri, ka sake gwadawa ka turo mana alƙaluman.